Kawu Ishaya Mai Nema wa Seled Takwara

Duk wanda ya zauna da Kawu Ishaya ya san maganar da ba a yi a gabansa, wato "da sauransu." Ka zage shi, ya yi dariya. Ka taka masa ƙafa a kasuwa, shi zai ce maka sannu. Amma ka kuskura kana lissafa waɗanda suka zo biki ka ce su wane da wane da sauransu, to ka taro wa kanka. Sai ya ɗaga ɗan yatsan nan nasa mai lanƙwasa, ya karkata kai:

"Da sauransu ɗan wa na? Wace unguwa shika zama? Uwatai ta san da shi?"

Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na tashi a Gusau tun rasuwar mahaifiyata, saboda haka na sha wannan tambaya fiye da yadda na sha koko. Ku kuwa da kuke majami'a ɗaya da shi ba sai na tuna muku ranar Lahadin nan ta tsakiyar bazara ba. Karatun ranar ya faɗa kan jerin sunayen zuriyar Isra'ila, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Magatakardan ikilisiya ya karanta kaɗan, ya hango abin ba ya da ranar ƙarewa, ya share gumi ya ce, "da sauransu," zai juya shafi. Sai muka ji kujera ta yi ƙara a baya.

"Malam magatakarda, koma! Ka bar mutane waje."

Fasto ya ce, "Baba Ishaya, rana ta yi, ga zahi."

"Su ma cikin rana sunka yi tasu rayuwa. A koma!"

Aka koma. Bawan Allah nan ya dinga karo da sunaye kamar mai tafiya cikin sabuwar huɗa, Kawu yana tsaye yana gyaɗa kai ga kowane ɗaya, sai ka ce ana kiran 'yan ajinsu. Tun daga ranar, in mata suka ji ƙishin-ƙishin karatun Lahadi zai bi ta kan sunaye, sai sun sauke tukunyar rana kafin su fito.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne mafarin wannan ciwo. A wani ƙauye bayan Tsafe aka haifi Kawu, ya shigo Gusau yana saurayi ya kama aikin awon auduga. Sai da gemunsa ya fara furfura ya koyi karatu a ajin manya na majami'a. Da ya iya, sai ya ɗauki Littafi Mai Tsarki daga bangon farko yana bi kamar mai shuka, rami bayan rami, ba tsallake. Inda kowa yake gudu, nan shi ya yada zango.

Wata rana da hantsi ya shigo tsakar gida ido jajur, littafin a hammata. Matarsa Inna Saratu tana tankaɗe.

"Saratu, an yi rasuwa."

Ta saki rariya. "Wayyo ni! Wa?"

"Seled."

Ta riga ta ɗora hannu a ka, kuka ya yi nisa, kafin ta tuna ba ta san mai wannan suna ba. Ta tsaya cak. "Wane Seled? Na Tsahe?"

"Ɗan Nadab, ɗan'uwan Affayim. Zuriyar Yahuza."

"Yaushe yar rasu?"

"An kwan biyu."

"An kwan biyu awa ƙaƙa?"

"Tun ba a haihi Sarki Dauda ba."

Inna ta sunkuya ta ɗauki rariyarta ta kaɗe. "Allah shi shirye ka, Maigida. Ka sa na ɓata hawayena ga banza."

Ko a jikinsa. Ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gida ya zauna ya yi tagumi. Can sai ga Malam Lawali, maƙwabcinmu mai sayar da hatsi. Musulmi ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma shi da Kawu sun fi shekarun da zan iya tunawa suna tsokanar juna. Da ya ga tabarma ya ga fuska, sai ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ƙaƙa haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah shi jiƙan rai. Jinya yay yi?"

"Ba a hwaɗi ba."

"Noma shika yi ko kiwo?"

"Ba a hwaɗi ba."

Malam Lawali ya ɗago kai, ya lura da littafin da ke kan cinyar Kawu, ya fara gane inda aka dosa. "To mi anka hwaɗi?"

"Sunanai, da sunan ubanai, da cewa ya mutu bai haihu ba. Shi ke nan labarin mutum ɗungum."

Ina zaure ina jin su. Malam Lawali ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya mayar ya rufe. Kowa a unguwar ya san Kawu da Inna sun tsufa tare Allah bai ba su haihuwa ba, ko ɓari Inna ba ta taɓa yi ba. An sha saiwa, an sha addu'a, dangi sun yi surutu har sun gaji, shi kuwa bai taɓa ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Ranar ce na fara jin ya kusance ta, shi ma ta bayan gida.

Ya ce, "Lawali, dubi. Mutum bai bar kowa ba, ba wanda yag gaje shi, amma Allah bai yarda a ce da shi da sauransu ba. Sai da anka rubuta shi."

Can Malam Lawali ya gyara zama ya ce, "To Allah shi jiƙan Seled. Ana sadakar ukku?"

"Kai dai ci kaka so."

Daga nan Kawu ya ɗaura ɗamara. A ganinsa rubutu kaɗai bai isa ba, suna sai ana kiransa da baki yake da rai. Ga Dauda ko'ina, ga Yakubu ko'ina, in ka jefa dutse a majami'armu kan wani Bitrus zai faɗa, amma duk faɗin ƙasar nan ba Seled ko ɗaya. Ya yi alkawari ba zai mutu ba sai ya samar wa marayan nan takwara. Haka yake kiransa, maraya, ko da yake sunan uban Seled yana cikin ɗan abin da aka sani game da shi.

Kun san Kawu da riƙo. Mutumin da yake raba ƙwayar ashana biyu da reza, wanda hularsa ta kai matsayin da ba a iya cewa ga launinta na asali. To wannan mutumin ne ya koma sayen goro. Da ya ji an haihu, namiji, ko a Gusau, ko a Tsafe, ko a wajen danginmu na Bungudu, sai ya naɗe goro a ganye ya kama hanya tun kafin kwanan suna. Zai yi barka, ya yaba hancin jariri, ya ja uban gefe.

"Ka yanke suna?"

"Tukuna, Baba."

"Madalla. Ina da wani ga hannu, sabo ƙal, ba wanda yat taɓa amfani da shi."

Iyaye maza kan yi dariya su ce za a duba. Matsalar daga kakanni mata take. Wata tsohuwa a Tsafe ta tsare shi da tambaya, mai sunan nan mene ne aikinsa, annabi ne ko sarki? Kawu ba ya ƙarya, ko ta kwabo. Ya ce ba annabi ba ne, ba sarki ba ne, abin da aka sani kawai bai haihu ba. Tsohuwa ta miƙe da muciya a hannu, tuwo na ɗiga.

"Duk sunayen da ac cikin littahin Allah ka rasa na kawo muna sai na wanda bai haihu ba? Baki za ka yi ma jikana? Hita!"

Ya fita da sauri har ya bar takalmi ɗaya. Amma ya dawo, ba don takalmin ba. Ya leƙo daga bakin zaure ya ce, "In ba ku so, a ba ni gorona." Aka ba shi, ya kai shi wani sunan a Bungudu, can ma aka ƙi. Goron nan ya zaga gidajen suna har ya bushe ya zama kamar tsakuwa. Ƙarshenta Malam Lawali ne ya karɓe shi da sunan taimako, ya kusa barin haƙorinsa a ciki.

Da mutane suka gagara, Kawu ya koma kan dabbobi. Ya ce tun da an hana Seled takwara, shi zai ba shi zuriya ko ta ƙafa huɗu ce. Ranar kasuwar Tsafe ya tafi sayen bunsuru. Malam Lawali ya ce bari ya raka shi, ya ƙi. Inna ta ce ya sa tabaran da asibiti suka ba shi, ya ce tabarau na karatu ne, ba ya son ya ƙarar da ƙarfinsa wajen kallon awaki. Ya zaga kara tun safe yana taya wannan yana kushe wancan, har dillalai suka fara ɓuya in sun hango hularsa. Da la'asar ya sauko daga mota da wani jan dabba mai sheƙi, ƙato, mai sanyin hali, yana ta murna ya same shi da araha.

"Ga Seled," in ji shi.

Inna ta zagaya dabban, ta shaƙi iska. "Maigida, wane irin bunsuru na wanga da ba shi wari?"

"Ɗan gidan mutunci na. Zuriyar Yahuza ba su da ƙazanta."

Fasto ya zo har gida ya ce sa wa dabba sunan mutumin Littafi bai dace ba. Kawu ya ce ya yarda, in Fasto zai ba shi ɗan da matarsa za ta haifa, yau ɗin nan zai canja wa bunsuru suna. Fasto ya sha ruwa ya yi sallama.

Aka shiga kiwo. Dusa, harawa, kowar wake, abin da mu mutanen gida ba mu gani ba na gata, Seled ya gani. Da ya ƙara murjewa, Kawu ya ɗauke shi a mota har Karakkai, inda wani ɗan'uwanmu yake da garken awaki, ya ce a bar shi cikinsu kyauta, sharaɗi ɗaya, duk abin da aka haifa a kira shi ɗan Seled. Aka bar shi damina guda. Seled ya ci ciyawa, ya kwanta a inuwa, in akuya ta matso sai ya matsa mata ta wuce. Da kaka ɗan'uwan nan ya dawo mana da shi da kansa, ya tarar da Kawu da Malam Lawali a ƙofar gida. Ya rasa ta inda zai fara.

"Baba, wanga hwa ba bunsuru ba na. Taure na. Tun shina ƙarami anka dandaƙe shi."

Jama'a, ban taɓa ganin Malam Lawali ya yi irin dariyar ranar ba. Ya faɗi daga kan benci, rawani ya kwance, yana dukan ƙasa yana cewa, "Araha ba ta ado! Ishaya, duk kasuwar Tsahe kai kaɗai ka iya zaɓe. Wallahi ka sa mai sunan da yad dace!"

Kawu ya miƙe. Ya kama igiya ya ja taurensa cikin gida. Muka ɗauka gobe za a ci nama. Ina! Ya ɗaure shi a turkensa, ya zuba masa dusa fiye da ta kullum, ya tsaya yana shafa masa wuya. Inna ta fito daga ɗaki ta dube su, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "To, mun zama mu ukku ke nan gidanga." Dariya take yi, amma da ta juya na ga ta kai bakin zane ido. Tauren nan ba a yanka shi ba, tsufa ne ya kashe shi.

Shekaru suka tafi, na yi aure. Matata Hannatu 'yar Bungudu ce, mai kunya a fuska, mai wayo a ciki. A gidan Kawu muka zauna. Lokacin da cikinta ya fito, ƙarfin Kawu ya riga ya fara tafiya, hawan jini ya taɓa masa ƙafa ɗaya, sai da sanda. Amma da ya lura, sai ga tsoho ya warware. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Yau ya aiko mata da rake, gobe da soyayyen kifi, shi da bai taɓa sayen kifi ba sai dai kan kifi. Bai ce mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba, kowa ya san kuɗin mene ne ake biya.

Ni kuwa ina tsaka mai wuya. Surukata, uwar Hannatu, ta aiko tun cikin yana wata bakwai cewa in na sa wa jikanta sunan mutumin nan na Kawu, za ta zo ta kwashe 'yarta da jaririn. Ni ma, gaskiya, da wani suna a raina. Mutumin da ya ɗauke ni ina maraya, ya sayar da kekensa ya sa ni makaranta, bai taɓa bari na ji cewa ba shi ya haife ni ba, wa zan yi wa takwara in ba shi ba? Amma na san wannan ce damarsa ta ƙarshe. Likita ya riga ya gaya mini abin da bai gaya masa ba.

Aka haifi namiji. Ranar suna da safe tsakar gida ta cika, 'yan majami'a a kan benci, su Malam Lawali a kan tabarma, rago a ɗaure. Kawu ya sa babbar rigarsa ta Kirsimeti, har da tabarau. Fasto ya karɓi jariri ya sunkuyo, na raɗa masa. Ya ɗaga murya:

"Sunan yaro Ishaya!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Kawu ya buga sanda a ƙasa.

"Wa ya aike ka? Ishaya annabi na, babba! Takwarorinai sun cika duniya, mi za shi yi da ƙari?"

Na ce, "Kawu, ba annabin nika nuhi ba. Kai nika nuhi."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sai ya miƙe da ƙyar ya ce, "Ni ina da ku. Shi Seled wa gare shi?" Ya ja ƙafa ya shige ɗaki ya saki labule. Aka yanka rago, aka kai masa hanta, ya ce a mayar. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi abin da nake ganin shi ne daidai, ga shi na karya zuciyar tsoho a gaban jama'a.

A ɗakin mai jego kuwa wata shawara ake yi. Yaro ya ci sunan surukin Hannatu, wanda yake matsayin uban mijinta. Bakinta ba zai taɓa furta wannan suna ba, haka Inna ba za ta kira sunan mijinta ba, ni kaina ba zan tsaya tsakar gida ina ƙwala "Ishaya, zo nan" ba. Dole a yi wa yaro alkunya, sunan da za a riƙa kiransa da shi. Wata ta ce Baba Ƙarami, wata ta ce Abba. Da rana ta yi sanyi Hannatu ta saɓi jaririnta, ta nufi ɗakin Kawu, mu duka muka biyo ta har da uwarta. Ta durƙusa a bakin gado.

"Baba, ga mai sunanka ya zo gaisuwa."

Ya juya fuska bango. "Na gani."

"Ka san ba ni iya hwaɗin sunan. Sai na yi mai na kira."

"Ki ce Baba Ƙarami awa kowa."

"Baba Ƙarami sun yi yawa unguwarga. In na kira guda, biyar ka zuwa." Ta gyara wa yaron hula. "Ni Seled za ni ce mai."

Uwarta ta yi tsalle. "Ke Hannatu!"

"Inna, sunan yanka kinka hana, kuma ba a sa ba. Rago kan Ishaya yaf faɗi." Sai ta toshe baki, don ta ji abin da ya kuɓuce mata. Ɗaki ya ɗauki dariya, har surukar tawa ta kasa riƙe fuska. Ta ce ita dai ba ruwanta, tun da ba shi aka yanka wa rago ba, su ƙarata.

Kawu ya juyo a hankali. Ya miƙa hannuwa aka ɗora masa yaron. Ya daɗe yana kallonsa, hawaye na bin gemu suna sauka kan rigar Kirsimeti, bai ko share ba. Ya ce, "Seled," a hankali, kamar mai tsoron kada ya tashe shi. Ya sake cewa, "Seled ɗan gidana."

Sai ya ja hanci, ya gyara tabarau, ya dubi Hannatu.

"Allah shi yi maki albarka, ɗiyata. Ki huta, ki ci abinci da kyau. Don akwai wani ƙasa kaɗan gare shi, Yeter sunanai, shi ma bai haihu ba."

Surukata ta ce a kawo mata gyalenta, Bungudu za ta koma yanzun nan.

Allah ya ara masa kwana har yaron ya fara rarrafe. A watannin nan ya daina zuwa ko'ina, kullum yana kan tabarma a zaure, yaron a gefensa wai shi ne mai reno. Reno kuwa na banza, don sau da yawa na kama shi yana ɗaga ƙafarsa mai lafiya ya ba yaron hanya ya rarrafa waje wurin buhunan Malam Lawali. Sai Hannatu ta leƙo ba ta gan shi ba, ta ɗaga murya daga tsakar gida, "Seled! Seled! Ina kash shiga?" Malam Lawali ya amsa ta bayan katanga, "Seled na nan shina cin gerona!" Na ce, "Kawu, don Allah mi ya sa kaka sakin shi?" Ya lumshe ido ya ce, "Yi shiru. Ina son in ji ana kira."

Ranar da ya rasu, da hantsi ne, yana kan tabarmar nan, ana cikin kiran.

Ya Ubangiji, ga bawanka Ishaya ya zo. Ka gafarta masa taurin kansa, ka ba shi hutawa a wurinka, ka riƙe mana Inna Saratu da ya bari. In ya tambayi inda ɗan Nadab yake, kada a tsayar da shi, a nuna masa, yana ɗauke da albishir. Amin.